Littattafan Zator: Daga Alsawra zuwa Alsahafa da Komowa

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye muku ba. Kwana biyu na yi a hanya, a cikin garin da na tsufa a cikinsa, tsakanin wuraren da a dā nake zagawa da mota kafin shayi ya huce. Ƙafata ta hagu har yanzu a kumbure take. 'Yata Sa'adiya ce ta ce in rubuta muku yadda aka yi, ku da kuke Gadarif, tunda duk wanda ya kira ni sai ya tambayi yadda Alsahafa take. To ga shi. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Saboda waɗanda ba su sani ba: shekara goma sha tara na yi ina tuƙa wani Bature mutumin Polan, sunansa Tadeush, a unguwa ana ce masa Hawaja Tadi, wato Bature Tadi. Gyaran injinan ban-ruwa ya kawo shi Sudan yana saurayi, ya tsufa bai koma ba. Matarsa ta gaji da zafi ta koma da 'yarsu Marta tun da daɗewa. Ya kama haya a unguwar Alsahafa, kudancin Hartum, ni ina ɗakin bakin ƙofa. Bayan matata Hauwa ta rasu, gidan ya zama mu biyu. Shi ya koya mini waɗannan baƙaƙen boko da nake rubuta muku da su. Kullum bayan la'asar sai ya zauna ƙarƙashin darbejiya yana rubuta tarihin garinsu, Zator, da yarensu, a littattafai masu baƙin bango. Sun kai goma sha ɗaya.

Da yaƙi ya tashi aka kwashe Turawa, jaka ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Ya kulle littattafan a akwatin ƙarfe, ya rataya mini makullin a wuya, ya ce, "Hamza, ka kula da su." Wata biyu na ƙara a gidan. Ranar da na gudu, rigar jikina kawai na fita da ita, sai makullin.

Wata huɗu da suka wuce Marta ta same ni a waya. Larabcinta na yarinta yana nan. Ta ce babanta yana gidan tsofaffi, mantuwa ta kama shi, wani lokaci ita kanta ba ya gane ta, magana ma ya kusa dainawa. Abu ɗaya yake tambaya: Hamza ya kawo littattafan? Na ce mata gobe zan je. Hanya a buɗe take tun lokacin. Ba hanyar nake tsoro ba, ganin gidan nake tsoro. Haka goben ta ci wata huɗu.

Talata: Alsawra zuwa gada

Na fito ƙarfe biyar da minti goma, bayan sallar asuba, daga gidan ɗan kawuna Bala da ke Alsawra, can Omdurman. Shi yana Fot Sudan da iyalinsa, ni nake gadin gidan ni kaɗai. Na ɗauki katin shaida, gorar ruwa, dabino kaɗan. Minti ashirin a ƙasa kafin in kai titi. Hafila, wato ƙaramar bas ɗin nan tamu, ba ta zo ba sai shida da kwata.

Kumsarin da ke karɓar kuɗin mota dattijo ne mai gilashi, ya girme ni. Ya faɗi kuɗin zuwa tashar Shuhada, na ce, "Ya Hajj, Shuhada na ce, ba can garin Madani ba."

"Madani ta dā ce ka sani," in ji shi. "Ni da kake gani shekara ashirin ina koyar da lissafi. Wannan lissafin ya fi ƙarfina. Biya kawai."

Mun isa tashar Shuhada bakwai saura. Na canza mota zuwa Hartum. A bakin gadar Farin Nilu akwai shingen bincike, aka sauke mu duka, maza gefe, mata gefe. Wanda ya laluba ni ya ji abu a ƙirjina, ya jawo igiyar.

"Makullin me?"

"Akwati."

"Me ke ciki?"

"Tarihi."

Ya dube ni, ya dubi abokinsa, suka yi dariya. "Wuce, ya ammi. Allah Ya sa ka samu."

Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a layi kafin motar ta hau gada. A kan wannan gadar, cikin cunkoson safiya, na koyi labarin Zator ba da niyya ba. Hawaja ba ya iya shiru a cunkoso. Da Larabcinsa mai karyayyen baya yake ba ni, yana buga lofensa a gaban mota.

Ga yadda yake. Shekaru ɗari takwas da wani abu da suka wuce, mai mulkin Polan, wani mai karkataccen baki, ya ji tsoron 'ya'yansa za su kashe juna bayansa, sai ya raba musu ƙasar tun kafin ya mutu. Bai hana su faɗa ba. Su ma da suka haihu suka raba wa nasu, na ƙasa suka sake rabawa, har ƙasa ɗaya ta koma gutsattsari, kowane da mai sarautarsa da tutarsa da fadarsa mai ganuwar dutse. Ba sarakuna ne cikakku ba, don kowanne yana da babban sarkin da yake yi wa mubaya'a, yau na ƙasar Cek, gobe na Polan. Manoma suna yi wa masu gonaki aiki, masu gonaki suna ba mai sarauta mayaƙa, shi kuma yana durƙusa wa na sama da shi. Ranar da ya fara gaya mini na ce, "Hawaja, wannan ai yankinmu na Jazira ne. Babana yana noma audugar mai hawasha, wato mai gonar, mai hawasha yana tsoron mufattishi, sufeton gwamnati, mufattishi yana tsoron Hartum." Ya yi dariya har ya yi tari.

Zator tana cikin ƙananan. Ya ce da motarmu za mu ratsa ta kafin azahar, har mu tsaya cin abinci. 'Yan'uwa uku ne suka raba gadon ubansu, babban ya sami Zator. Shi kuma ya haifi maza huɗu. A nan kullum nake ruɗewa. In ya ce, "To Hamza, 'ya'yan mai Zator nawa ne?" sai in ce uku. Sai ya buga lofen: "Huɗu! Uku iyayen ne!" Shekara da shekaru muna haka. Kaina bai taɓa riƙewa ba.

Da muka kai tsakiyar gada na leƙa ruwa. Kogin yana nan yadda na bar shi. Shi kaɗai.

Hartum zuwa Alsahafa

Mun sauka tara da rabi. Ba zan yi muku dogon bayani a kan tsakiyar gari ba. Ciyawa ta fito a tsagar kwalta. Benaye baƙi ƙirin, tagogi ba gilashi. Inda a dā sai ka ture mutane kafin ka wuce, na ji ƙarar takalmina. Wata mata tana sayar da ful, dafaffen wake, a ƙarƙashin allon talla da ya karye, na ci da burodi guda, ba mai, ba cuku. Ta ce motar Alsahafa sai an yi sa'a.

Sha ɗaya da kwata na sami akori-kura mai ɗauke da buhunan siminti za ta kudu. Direban ya ce in hau baya. Shinge biyu muka wuce, na biyun ya riƙe mu rabin awa saboda takardar simintin. Da muka zo daidai unguwarmu na kaɗa yatsu kamar yadda ake yi a hafila, na manta a bayan akori-kura nake, ba mai ji. Sai da na daki rufin motar da tafi ya tsaya, ya wuce da ni kusan kilomita biyu. Na dawo a ƙasa cikin rana. A nan ƙafar ta fara.

Ga labarin unguwa ga masu tambaya. Gida ɗaya cikin biyar ko shida akwai mutane. Gidan su Alhaji Sale ba rufi. Gidan burodi yana aiki. Famfo ba ruwa, a amalanken jaki ake kawowa. An haƙe wayoyin wuta daga ƙasa, ramuka ko'ina, mai tafiya ya dubi gabansa.

Ƙarfe ɗaya saura kwata na tsaya a ƙofar gidan Hawaja. Ba ƙofar ma, an cire ta har da madogarinta. Darbejiya tana nan, ta ƙara girma, ba wanda ya ba ta ruwa. An farfasa bango an zare wayoyi. A ɗakina ba komai sai ƙusar da Hauwa take rataya mayafinta.

Akwatin yana tsakar gida. An ɓalle murfin ta baya, wajen maɗaurai, kwaɗon kuwa yana nan a kulle ta gaba, ba abin da ya same shi. Na durƙusa na sa makulli na murɗa. Ya buɗe lafiya lau. Ban san dalilin da na yi haka ba. Ciki busassun ganye ne da kashin tsuntsu.

Na zauna a kan akwatin har inuwa ta juya. Ban yi kuka ba. Na ci dabino biyu.

"Wane ne a gidan Hawaja?"

Hajja Nafisa ce, mai shayin bakin layinmu, ta leƙo da muciya a hannu. Ta rame, amma muryar tana nan.

"Ni ne, Hajja."

"Hamza? La ilaha illallahu! An ce mana ka mutu a Omdurman."

"Ban mutu ba."

"To ai kamanninka sun mutu. Taso ka sha shayi, ka zauna kamar wanda aka aiko ya tsare kashin tsuntsu."

A gindin bangonta, a kan ɗan benci, ta ba ni labari. Waɗanda suka shiga gidan sun ɗauka zinariya ce a akwatin. Da suka ga takardu, haushi ya sa suka watsar da su a titi, wasu suka yayyage, iska ta bi da su layi-layi.

"Shi ke nan," na ce.

"Tsaya mana, ban gama ba. Ka manta Malam Idrisu?"

Malam Idrisu shi ne limamin ƙaramin masallacinmu. Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙasa zai je Makka, ya tsaya a nan. Kowa ya san halinsa: ba ya wuce takarda mai rubutu a ƙasa, ko ta ƙunshin ƙosan ta'amiyya ce, sai ya ɗaga.

"Kwana uku yana bin layukan nan da buhu," in ji Hajja. "Harsashi yana wucewa ta sama, shi yana tsintar takarda. Na ce, Malam, za a kashe ka a kan boko! Ya ce in koma ciki in yi salati."

"Yana ina yanzu?"

"Wajen 'yarsa, a Umbadda. Da buhunan ya tafi, ya bar gadonsa don mota ba wuri. Gidan ban sani ba. Amma surukinsa Usmanu yana sayar da takalma a Kasuwar Libiya."

Umbadda. Daga inda nake kwana a Alsawra, awa ɗaya ce a mota. Na ƙetare kogi ina neman abin da yake bayana.

Da magariba ta ba ni kisra, siririyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, ta ƙi karɓar komai. Ta tambayi Sa'adiya da yara, ta ce in gaishe ku. Na kwana a barandar masallaci, ni da wani kare da ya ƙi tafiya.

Laraba: Alsahafa zuwa Kasuwar Libiya

Biyar da rabi na kama hanya. Mu uku muka yi sallar asuba, a masallacin da a dā sahu yake kaiwa titi. Na yi tafiyar minti hamsin a ƙasa kafin hafila ta tsaya mini. Wannan karon ta gadar Fitihab muka bi, shinge ɗaya, ba su daɗe da mu ba. A hanya na ji raina ya yi sauƙi, har na yi wa na kusa da ni magana. Ina ta shirya yadda zan ɗauki hoton kowane shafi in aika wa Marta.

Sha ɗaya saura minti ashirin na sauka a Kasuwar Libiya. Layuka da yawa sun ƙone, 'yan kasuwa sun baza kaya a gaban shagunansu ƙarƙashin tamfol. Na bi inda nake jin Hausa har na sami layin takalma. Usmanu ƙato ne mai fara'a, yana ɗaure silifa dozin-dozin.

"Kai ne Hamza na Hawaja? Wallahi saboda buhunanka na kwana biyu ina ciwon baya. Na ce, Baba, wannan fa rubutun Nasara ne. Ya ce in ɗauka ko in sake masa 'yarsa."

"Suna nan?"

Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ci gaba da ɗaurin silifa. "Ka je ka ga Malam, Kawu. Shi zai gaya maka."

Ya kwatanta mini gidan. Ya dubi ƙafata, ya zaro silifa mai faɗi ya ce in sa, takalmina ya matse kumburin. Na ɗauki raksha, babur mai ƙafa uku, har inda kwalta ta ƙare, daga nan amalanken jaki, minti ashirin da biyar cikin rairayi.

Umbadda

Bayan azahar na yi sallama. Malam Idrisu yana zaune a kan buzu a zaure, ya tsufa ƙwarai, gemun duk ya yi fari. Na durƙusa.

"Allah gafarta Malam."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. "Hamza. Ashe kana da rai. Na sa an yi cigiyarka har Madani."

Aka kawo ruwa, aka kawo jabana, wato gahawa. Sai da ya tambayi kowa nawa, rayayyu da matattu, sannan na ce, "Malam, takardun Hawaja."

Ya ajiye ɗan kofinsa.

"Buhu biyu ne. Na haɗa su da littattafaina, inda na sa nawa nan na sa nasa. Na san ba Larabci ba ne. To amma na san babu sunan Allah a ciki? Mutum ya shekara ashirin yana rubutu, a ce bai ambaci Ubangijinsa ko sau ɗaya ba? Ba zan bari a taka ba."

"Haka ne, Malam."

"Da damina rufin ɗakin ya yi yoyo, ban sani ba sai da wari ya tashi. Suka jiƙe suka manne. Gara ta shiga ta ƙasa. Na shanya, wanda na taɓa sai ya marmashe. Nawa ma da yawa sun tafi. Na jira ko mai su zai zo. Da na ga sai lalacewa suke, ɓeraye suna ja, na yi musu abin da ake yi wa takarda mai daraja. Na haɗa da tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani, na sa dutse a buhun, na ɗaure. Usmanu ya kai ni bakin Nilu a Maurada, muka shiga kwalekwale har tsakiyar kogi."

"Yaushe?"

"Juma'a uku ke nan."

"Lokacin da damina ta fara, lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau."

Bai san da wayar Marta ba, ban kuma gaya masa ba. Ni na san watan da ta kira. Ruwan farko bai sauka ba lokacin. Na dubi silifan Usmanu a bakin zaure. Ba ni da wanda zan yi fushi da shi. Tsohon nan ya bar gadonsa ya ɗauki takardun wani, ni da aka rataya wa makulli ina kwance a Alsawra ina cewa gobe.

"Me ke cikinsu ne?" in ji Malam. "Na daɗe ina so in sani. Addu'o'insu ne?"

"Tarihin garinsu ne."

"Ka san shi?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji labarin yana fitowa. Na ba shi tun daga mai karkataccen baki. Na zo kan 'ya'yan mai Zator: da ubansu ya mutu suka yi mulki tare, zama ya gagara, suka raba 'yar ƙasar biyu, kogin da ya ratsa ta ya zama iyaka. Garin ma suka raba, har fadar ubansu, wannan ɗaki naka, wancan nawa. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar ta sake haɗuwa a hannun guda. Shi kuma ba shi da magaji. Sai ya sayar wa sarkin Polan da ita, bisa sharaɗin zai ci gaba da zama a kai har ya mutu, ana ba shi kuɗi da kantun gishiri duk shekara.

"Ya sayar da ƙasar da mutanen ciki?"

"Da mutanen ciki."

"Subhanallahi. To ya mutu a gadonsa?"

"A'a. Kashe shi aka yi. Mutanen wurin suna kiwon kifi a tafkuna, har yau ma Hawaja ya ce suna yi. Rikici ya haɗa shi da wani mai gonaki a kan ruwan tafki, mutumin ya kashe shi. Daga nan sarautar ta ƙare, sama da shekara ɗari biyar ke nan."

"A kan ruwa," in ji Malam. Ya gyaɗa kai a hankali. "Wannan ba sai an fassara mini ba. Ba babanka ne aka karya wa hannu da fartanya a bakin magudanar ban-ruwa ta Abu Ishirin ba, ranar da aka tare masa ruwa?"

"Shi ne."

"To ka gani. Ashe su ma mutane ne irinmu." Sai ya ce, "Su nawa ka ce 'yan'uwan?"

"Uku."

"Huɗu dai."

Na ɗago kai. Ya jawo gafakarsa, ya zaro wata takarda mai kauri a ninke, gefenta ya ci ruwa. Ya shimfiɗa a kan buzun. Na gane ta. Ita ce Hawaja yake mannawa a cikin bangon littafi na farko. Sunaye ne a cikin 'yan da'irori, layuka suna saukowa daga wannan zuwa wancan.

"Wannan ban sa a kogi ba," in ji shi. "Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma na san nasaba in na gan ta. Irin ta kakana ce da ya zo da ita daga Haɗeja. Nasabar mutane ba a nutsar da ita, ana mayar wa masu ita." Ya sa yatsa can ƙasa. "Ga uku a nan. Ga babbansu. Ƙirga na ƙarƙashinsa."

Na ƙirga. Huɗu. A ƙarƙashinsu 'yan rassa gajeru, daga nan sai farar takarda.

Usmanu ya shigo cin abinci ya tarar da mu a kai. Na gaya musu Hawaja yana raye amma mantuwa ta kama shi. Da Usmanu ya ji yadda ake ciki ya ce, "Kawu, ka ce wa mutanen Hawaja wuta ce ta cinye tun farkon yaƙi. Wa zai sani? Tsohon ma an ce ba ya gane kowa."

Malam ya dube ni. Na ninke takardar na sa a aljihun ƙirji, inda makullin yake.

Komowa

Na bar Umbadda ƙarfe huɗu, bayan la'asar. Malam ya raka ni har bakin layi yana dogara sanda, ya yi mini addu'a, ya ce in gaya wa Hawaja takardunsa suna tare da Alƙur'ani, ba a wulaƙanta su ba. Amalanke, raksha, hafila biyu. Shinge ɗaya, ba a ko sauke mu ba. Na buɗe ƙofar gidan Bala ana kiran magariba. Gidan yadda na bar shi, kofina a kan randa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Hajja Nafisa, da Usmanu, da direban siminti da ban tambayi sunansa ba. Malam Idrisu kuwa, Allah Ya biya shi, ni ba zan iya ba. In wani cikinku zai koma Alsahafa, ya tafi da ƙofa da jarkar ruwa, kuma kada ya ce gobe.

Washegari bayan asuba na ɗingisa zuwa shagon da ake sayen intanet a bakin titi. Na shimfiɗa takardar a benci na ɗauki hotonta na aika wa Marta. Sannan na danna wurin ɗaukar murya. Na ce ta sa wa babanta a kunne.

Na ce, "Ya Hawaja, Hamza ne. Littattafanka suna cikin Nilu. Ba ɓarayi suka sa su ba, ba Malam Idrisu ne da laifi ba. Ni ne na makara. Ka ce in kula da su, ban kula ba. Amma ka saurara."

Na fara daga mai karkataccen baki, da irin Larabcin da yake ba ni, ban tsallake komai ba. Masu jiran layi suna kallona, ban damu ba. Da na zo kan 'ya'yan mai Zator na tsaya. Takardar tana gabana, da'irori huɗu a jere. Na ce, "Shi kuma ya haifi maza uku." Na ƙarasa har kan tafkin, na aika.

Na zauna a bencin. Rana ta fito, ta hau bango, ta sauko kan ƙafata. Mai shagon ya tambaye ni sau biyu ko na gama. Wajen tara da rabi wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, gajere. Da farko numfashi kawai nake ji, da muryar Marta can nesa. Sai wani abu ya daki tebur, ƙwas, kamar cokali.

"Huɗu, ya Hamza," in ji shi. "Huɗu. Sau nawa zan gaya maka?"